Sana'a Sa'a: Hudar Fata da Zaɓen Ƙarfen da ya Dace da Ita

A fitowar da ta gabata mun yi bayani a kan yadda ake gane fatar da ta jemu da kyau tun kafin a biya kuɗinta. Yau kuma, da yardar Allah, za mu ɗora daga inda muka tsaya, mu duba abin da ke biyo bayan saye da yanka, wato huda. Abin da ya jawo wannan magana shi ne tambayoyin da suka yi ta iso mana daga iyayen da suka kai 'ya'yansu koyon gyaran takalma, da kuma matan aure masu ɗinka alabe da jakunkuna a cikin gida suna aikawa kasuwa. Kusan duka tambayar ɗaya ce: wane ƙarfe za a fara saye, tunda jarin kaɗan ne, kantunan kayan ƙarfe kuwa cike suke da iri-iri?

Wataƙila wani ya ce, huda kuma har wata aba ce da za a ɓata mata shafi? Mai wannan tunani ya tashi ya duba tarkacen da ke ƙarƙashin gadonsa. Takalmin da aka daina sawa, jakar makarantar da hannunta ya cire, gafakar da maratayinta ya tsinke, in ya lura zai ga a mafi yawansu fatar lafiyarta ƙalau. Daga bakin huda ɓarnar ta faro, ta yi ta ci har ta kai gefe. Ga magidanci wannan asarar kuɗi ce da ke dawowa duk shekara. Ga mai sana'a kuwa abin ya fi haka nauyi, domin wanda takalminsa na Salla ya tsinke a hanyar Idi ba zai sake dawowa ba, kuma ba zai yi shiru ba. A unguwa irin New Bell, inda kowa ya san kowa kuma a sahu ɗaya ake salla, suna shi ne rabin jari.

Gadon da muka taras

Dukanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. A birnin Kano har yau akwai unguwar Dukawa, ga kuma majema da kasuwar kayan fata a Ƙofar Wambai. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce a da ayarin raƙuma suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka laƙaba mata sunan Maroko, aka riƙa rufe manyan littattafai da ita. Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammun fatu cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa. A nan Kamaru ma garin Marwa ya yi suna wajen jima da ɗinkin fata, kayansa kuma suna isowa kasuwannin Duwala.

Ita unguwar tamu ta samo asali ne daga shirin da Jamusawa suka yi na tashin mutanen Duwala daga bakin kogin Wuri, shirin da Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da shi har aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Daga baya New Bell ta zama masaukin baƙi daga ko'ina, ciki har da kakanninmu, kowa da sana'ar da ya zo da ita a hannunsa. Da ita suka ci, da ita suka gina masallatai. Kada kuma matan gida su ɗauka aikin fata na maza ne kaɗai, domin malaman tarihi sun ambaci cewa Uwar Muminai Zainab bint Jahsh, Allah ya ƙara mata yarda, takan jeme fata ta ɗinka da hannunta, ta yi sadaka da abin da ta samu.

Sai dai fa jemammiyar fata ba araha take a Duwala ba. Shanu suna gangarowa daga Arewa, ana yanka su a mayankar Bonendale, amma fatu da yawa tukunya suke shiga a matsayin ganda, wadda maƙwabtanmu ke kira kanda. Fatun ragunan layya kuwa, da dama ruɓewa suke yi don ba a sa musu gishiri da wuri ba, alhali littafin Risala da muke karantawa a zaure ya nuna ba a sayar da komai na dabbar layya, har fatarta, sai dai mai ita ya amfana da ita ko ya bayar. Saboda haka ƙyallen fatar da ke hannun ɗan koyo, mai yiwuwa ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga Marwa ko Kano kafin ya iso. Ɓata shi da mummunar huda almubazzaranci ne.

Huda iri biyu ce

Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin karatun. Fata ba saƙa ba ce irin ta yadi, wadda ke da zaren tsaye da na kwance. Wasu siraran jijiyoyi ne suka sarƙe da juna ta kowace fuska, shi ya sa in an yanke ta ba ta zarewa. Ƙarfen da zai shige ta, ɗayan biyu yake yi: ko ya raba jijiyoyin ya wuce ba tare da ya ɗebe komai ba, ko ya yanke ɗan guntu ya fitar da shi.

Huda ta farko ita ce ta ɗinki, aikin basilla ke nan. Da yake ba a cire komai ba, da zarar zare ya shiga sai fatar ta komo ta rungume shi, ɗinkin ya yi ƙarfi, ruwa ma bai cika samun hanya ba. Huda ta biyu ita ce wadda ake so ta zauna a buɗe, kamar ƙofofin bel, da na igiyar takalmi, da inda za a dasa maɓalli ko zoben ƙarfe. Wannan aikin madoshi ne mai rami a ciki, wanda bakinsa zagayayye ne kuma mai kaifi. Akasarin ɓarnar da muke gani ta samo tushe ne daga musanya waɗannan biyu. Wanda ya buɗe ƙofar bel da basilla, zai yi ta murzawa don ta faɗaɗa, bakin ya tsattsage, kowace tsaga kuwa mafarin yagewa ce. Wanda ya yi ƙofofin ɗinki da madoshi, zai bar zare yana lilo a rami, ya kuma rage wa fatar ƙarfi a banza.

A san fata kafin a zaɓi ƙarfe

Fatar akuya da ta tunkiya kaurinsu bai cika wuce milimita 1 da ɗan wani abu ba, ƙirgin da ake yin bel da ƙasan takalmi kuwa yakan kai milimita 3 zuwa 4, wani ma ya fi. Ƙarfen da ya wadatar a kan ta farko zai iya lanƙwashewa a kan ta biyu. A jikin fata ɗaya ma akwai bambanci: gadon baya ya fi tauri da ƙarfi, gefen ciki da hammata kuwa sakwa-sakwa ne, suna miƙewa. Hausawa sun ce inda fata ta fi laushi nan ake mai da jima, to amma ba nan ake yanko maratayi ko hannun jaka ba, domin kowace irin huda aka yi a wurin sai ta ja ta yi tsawo.

Sai kuma irin jimar. Fatar da aka jeme da bagaruwa, irin tamu ta gargajiya, tana tsayawa da kyau a ƙarƙashin ƙarfe, bakin hudarta yakan fita tas. Fatar masana'anta, wadda aka jeme da gishirin kurom, dabarar da ta bazu a duniya bayan 1884, ta fi laushi da miƙewa, kuma in ba a rina ta har ciki ba za a ga tsakiyar yankanta ya yi shuɗi-shuɗi. Irin wannan tana buƙatar ƙarfe mai tsananin kaifi, in ba haka ba sai ta bi bakinsa ta lotsa. Dabarar da ke taimakawa ita ce a shimfiɗa kwali ko wani guntun fata mai tauri a ƙarƙashinta a huda su tare. Akwai kuma fatar roba da ta cika kasuwa, wadda yadi ne aka shafe da roba. Ita kam ko an huda ta da kyau sai an ƙarfafa bakin da zobe ko an ninka ta, kuma amana ta wajabta a gaya wa mai saye abin da yake saye.

Ƙarafan da aikin kowanne

Na farko basilla. Iri uku ya kamata a sani. Akwai mai zagayayyen jiki, wadda ake sa alama da ita ko a ɗan buɗa ƙofar da ta riga ta samu. Akwai mai kaifi gefe biyu, wadda bakinta ya yi kama da ɗan ƙaramin mashi, ita ce ta ɗinki na sosai, domin yanka take yi siriri a karkace, zare ya kwanta a ciki. Sai mai ƙugiya a baki, wadda masu gyaran takalma da ke yawo da akwatinsu suna ƙwanƙwasawa a titunan Duwala ke amfani da ita: tana huda ƙasan takalmi, ta kuma jawo zaren a komowarta. Wanda zai tambaya a kanti da Faransanci, alêne ake cewa.

Na biyu ƙarfe mai yatsu, wanda ya yi kama da cokali mai yatsu, ana kiransa griffe. Akwai mai yatsu 2, da 4, da 6, tazarar da ke tsakaninsu kuwa yawanci milimita 3 zuwa 4 ce. Amfaninsa shi ne ƙofofin ɗinki su jeru daidai wa daida. Ana sa yatsan farko a ƙofar ƙarshe ta bugun da ya gabata, sai a ci gaba, mai yatsu 2 kuma shi ke bin kwana. Ga mai koyo wannan ƙarfe gata ne, domin daidaita tazara da ido aiki ne na shekaru.

Na uku madoshi mai rami, wato emporte-pièce, wanda ake kafawa a buga. Ana sayar da shi ɗaiɗai ko a jere, kuma an rubuta faɗinsa da milimita a jikinsa. Shi ne ya fi kowanne fitar da huda mai tsabta, yana cin fata mai kauri, kuma yana isa ko'ina, har tsakiyar babbar fata. Yana da 'yan'uwa: mai siffar ƙwai, wanda ya fi dacewa da ƙofofin bel don harshen ƙarfe ya kwanta, da mai dogon baki, na wurin da harshen ke fitowa a gindin bel. Wanda bai da na ƙarshen ya buga ƙofa biyu zagayayyu, ya haɗa su da yanka biyu na wuƙa mai kaifi. Zagayen da ke kowane ƙarshe shi ke hana yankan ci gaba.

Na huɗu mai kama da filaya, wanda ke da kai mai juyawa da bakuna 6, yawanci daga milimita 2 zuwa 4 da rabi. Shi ya fi jan idon mai saye, don ba ya buƙatar guduma kuma ba ya ƙara. Ga ƙara ƙofa a bel, ko igiyar agogo, ko takalmin yaro, ya wadatar, kuma ya kamata kowane gida ya mallaki ɗaya. Amma yana da iyaka biyu: ba ya isa nesa da gefen fata, sa'an nan mai araha, wanda aka lanƙwasa daga falle, yakan karkace a kan ƙirgi, bakin ya daina haɗuwa da mazauninsa, sai ya yanke rabi ya bar rabi. Araha ba ta ado. Mai niyyar cin abinci da sana'ar ya fara da madoshi.

Abin ɗorawa da abin bugu

Sau da yawa ana zargin madoshi alhali laifin na abin da ke ƙarƙashinsa ne. Bakinsa siriri ne, in ya ratsa fata ya tarar da siminti, ko dutse, ko ƙarfe, bugu ɗaya ya isa ya dakushe shi. In kuma aka ɗora a kan tebur mai lilo, ƙarfin bugun sai ya watse, a yi ta maimaitawa, bakin ya goce, huda ta zama biyu. Abin da ya dace shi ne gungumen icce da aka yanke a tsaye, a yi aiki a kan goshinsa, inda bakin ƙarfe zai shige tsakanin jijiyoyin iccen. Allon roba mai kauri, irin na yankan nama, shi ma yana yi, haka nan guntun ƙirgi mai kauri, muddin an ɗora su a kan abu mai nauyi da ba ya motsi.

Abin bugu kuwa ya zama gudumar icce ko ta roba mai tauri. Gudumar ƙarfe tana baje kan madoshi a hankali har ya fara tsagewa, ɓarɓashinsa kuma na iya tashi ya faɗa ido. A kafa ƙarfen a tsaye cak, ta fuskar fata, wato gefen da gashi yake a da, domin nan ne ido ke gani, kuma nan ya fi son yanka mai tsabta. Bugu ɗaya ko biyu masu ƙarfi sun fi goma marasa ƙarfi.

Maganar ƙusa mai zafi

Wannan al'ada ta zama ruwan dare a gidajenmu: a sa ƙusa a wuta ta yi ja, a soka wa bel ko takalmi. A ido hudar takan fita zagayayya, shi ya sa ake ganin dabara ce. Abin da ke faruwa a ciki dabam ne. Fatar bagaruwa takan fara ƙanƙancewa ta taurare tun zafi bai wuce digiri 70 zuwa 85 ba in da danshi, ta kurom kuwa a wajen digiri 100, alhali ƙusar da ta yi ja ta haura digiri 500. Bakin hudar ya ƙone ke nan, ya zama kamar ƙanzo, da an fara ja sai ya tsage. Inda wannan dabara ke aiki shi ne igiyar nailan, domin ita narkewa take yi bakin ya like, daga nan ne aka ɗauko ta aka kai inda ba wurinta ba. Ƙusa mai sanyi yaga take yi, tsinin wuƙa ko almakashi kuwa tsaga yake bari mai kusurwa, wadda ba ta da aiki sai ƙara tsawo.

Awo kafin bugu

Ɗinkin da ya karkace ana iya warware shi, huda kuwa ba ta komawa. Don haka a auna, a sa alama da tsinin basilla, a sake dubawa, kana a buga. Ƙofofin bel bisa al'ada 5 ne, tsakanin kowace biyu santimita 2 da rabi, kuma ta tsakiya ita ce daidai ƙugun mai shi, don a bar wa ƙiba da rama wuri. Faɗin ƙofar ya ɗara kaurin harshen ƙarfe kaɗan. Ƙusar haɗi, wadda masu kanti ke kira rivet, da maɓallin dannawa, su kuma ƙofarsu ta zama daidai ƙafarsu, har sai an ɗan tura kafin ta shige, domin in ta yi yawa za su yi ta motsi suna cin fatar.

Layin ɗinki ya nisanci gefe da milimita 3 zuwa 4 a ƙananan kaya, ya fi haka a masu kauri. Ƙofar da za ta ɗauki nauyi kuwa a bar mata nama tsakaninta da gefe, aƙalla ninki biyu na faɗinta. Kada kuma a matse ƙofofi da juna da sunan ƙarfafa ɗinki. Duk wanda ya taɓa yage kan sarki a gidan waya ya san amfanin ƙananan ramukan da aka jera a gefensa: don ya yagu da sauƙi aka yi su. Haka hannun jaka yake zama in aka gitta masa layin ɗinki mai matsattsun ƙofofi daga gefe zuwa gefe. A bi tsawonsa da ɗinki, shi ya fi ƙarko.

A kanti da wurin maƙeri

Wanda zai je Kasuwar Tsakiya ko wani kantin kayan ƙarfe ya tafi da guntun irin fatar da yake aiki da ita, ya nemi izinin gwadawa, domin sai an gwada akan san na ƙwarai. A ɗaga bakin madoshi a haske: baki mai kaifi ba ya ƙyalli, in an ga wani farin layi yana walƙiya a kansa, to dakusasshe ne. A shafa a ji ko akwai giɓi. A leƙa cikinsa a ga ko ramin yana ƙara faɗi zuwa sama, ko akwai taga a gefe, don guntayen fata su sami mafita, in ba haka ba za su cushe har bakin ya fashe. In mai juyawa ne, a matse shi a ga ko kowane baki yana sauka daidai a kan mazauninsa, wanda ya kamata ya zama na tagulla ko wani ƙarfe mai laushi.

Kada kuma a manta da maƙeranmu. Tun kafin kayan kanti su zo, su ke ƙera wa dukawa kayan aiki, kuma har yanzu maƙerin da ya san aikinsa zai fitar da basilla ko madoshi mai kyau daga tsohon magagari ko sifirin na mota, domin ƙarfensu yana ɗaukar tauri. Ƙarfen rodi na gini bai cika riƙe kaifi ba. Gwajin mai sauƙi ne: a goga magagari a kusa da bakin, in ya zame bai kama ba ƙarfen ya taurara, in ya ci shi kamar sabulu a ajiye.

Damina da tsatsa

Abin da baduku na Kano bai cika damuwa da shi ba, mu a nan shi ne babban abokin gaba. Ruwan da ke sauka a Duwala ya haura milimita 3,500 a shekara, ya ninka na Kano sau uku ko huɗu, a watannin Yuli da Agusta kuwa iska kanta jiƙe take. Ƙarfen da aka bari a buɗe kwana kaɗan ya isa ya yi tsatsa, tsatsa kuwa daga siririn baki take fara ci. Bayan haka akwai wata illa. Dukawa sun daɗe da sanin cewa in ƙarfe ya haɗu da fatar bagaruwa mai danshi baƙi yake haifarwa, da wannan hikimar ma suke haɗa kuloko, baƙin rinin da ake yi da guntayen ƙarfe. To, madoshi mai tsatsa zai yi wa jar fata irin wannan rini a bakin kowace huda, ba tare da an sa shi ba, kuma ba ya fita.

Maganin shi ne a goge ƙarfe bayan aiki, a shafa masa ɗigon man keken ɗinki, a naɗe a tsumma, a ajiye a gwangwani mai murfi nesa da ƙasa, inda ambaliya ba ta kaiwa. Kafin a fara aiki a share man, don shi ma tabo yake bari. Ana wasa madoshi ta waje ne kawai, ana juya shi a kan takardar goge ƙarfe mai laushi, a ƙarasa a kan guntun fata. In guntaye sun cushe a zaro su da waya ta sama, kada a taɓa bakin. Soka basilla ko madoshi a kakin zuma lokaci-lokaci yana sa su shiga su fita ba gardama. Fatar kanta kada a ƙulle ta a leda, a rataye ta inda iska ke ratsawa don gudun fumfuna.

Hattara da yara

Yawancin wannan aiki a tsakar gida ake yinsa, yara na kai da komo. 'Ya'yanmu da ke makarantar boko sun san sunan Louis Braille, wanda aka haifa a ƙauyen Coupvray na Faransa a 1809. Mahaifinsa mai ɗinka kayan doki ne. Yana ɗan shekara 3 ya ɗauki wani ƙarfen aikin fata mai tsini a shagon mahaifin yana wasa, ya soki idonsa, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance gaba ɗaya. Shi ne daga baya ya fito da rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, wanda aka buga a 1829. Allah ya fitar da alheri daga musibarsa, amma ba uban da zai so a jarrabe shi da irinta. A soka tsinin basilla a toshiyar kwalba, a ɗage akwatin aiki sama, kada a huda fata a kan cinya ko a tafin hannu, kada kuma a turo tsini ta wajen fuska. Wanda ƙarfe ya soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je asibiti a duba maganar allurar rigakafin tetanos. Rigakafi ya fi magani.

Shawararmu ga mai ƙaramin jari

Uban da zai haɗa wa ɗansa akwatin farko, ko mijin da zai tallafa wa maiɗakinsa, ya fara da basilla biyu, mai kaifi da mai ƙugiya, da madoshi uku, na milimita 2 da 3 da 4, da gudumar icce, da gungume. Ƙarfe mai yatsu ya biyo baya in ciniki ya fara, sauran kuma aikin da kansa zai nuna lokacin sayensu. Ƙarfe uku na kirki sun fi jeri goma sha biyu da za su lanƙwashe kafin Salla ta zagayo. A kuma tara guntayen fata a ba mai koyo ya yi ta gwaji a kansu, har hannunsa ya faɗa, kafin a miƙa masa kayan mutane. Mai saye ba ya ganin cikin ɗinki a ranar ciniki, ya dogara ne da amanar mai sana'a, kyautata aiki kuwa yana cikin abin da addininmu ya hore mu da shi.

A nan za mu dasa aya. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan zare da kaki da ɗinkin allura biyu. Masu tambaya ko ƙarin bayani, musamman iyayenmu dukawa da suka fi mu sanin sirrin sana'ar, ƙofa a buɗe take ta hannun sakatariyar ƙungiya. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya shirya mana zuriya, ya ciyar da mu halal.